Ko Ka San Ƙarancin Ƙarfe Ne Ya Yi wa Land Rover Gata?

Ko ka san cewa motar nan Land Rover, wadda duniya ta yi wa shaidar ƙarfi da juriya, da alminiyam aka ƙera jikinta? Irin alminiyam ɗin da ake yin jiragen sama da shi. Kuma dole ce ta sa aka yi hakan, domin lokacin da aka ƙirƙiro ta baƙin ƙarfe ya yi wuya a Ingila. Abin da ya fi burge ni shi ne, da kamfanin ya tashi farfaɗo da ita a 2019 da sunanta na Defender, ya sauya kusan komai, amma ya riƙe alminiyam ɗin nan, har ma ya ƙara masa matsayi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Birtaniya ce ke raba ƙarfe ga masana'antu, kuma wanda ya fi sayar da kaya a ƙasashen waje shi ke samun kaso mai tsoka. Kamfanin Rover kuwa motocin alfarma yake yi, waɗanda ba su da kasuwa sosai a waje. Bama-baman Jamus sun lalata masa masana'antarsa ta Coventry, ya koma Solihull, inda aka riƙa haɗa injinan jiragen yaƙi. Babban injiniyan kamfanin, Maurice Wilks, yana da gona a tsibirin Anglesey, kuma da tsohuwar Jeep ta sojan Amurka yake zirga-zirga a cikinta. Shi da yayansa Spencer Wilks, shugaban kamfanin, suka ga ai za su iya yi wa manoma irin wannan mota. An ce a kan yashin bakin teku Maurice ya fara zana siffarta a 1947.

To, ina ƙarfe? Alminiyam dai akwai shi jibge, tun da an daina ƙera jiragen yaƙi da yawa. Sai suka ɗauko wani nau'insa mai suna Birmabright, wanda aka gauraya da sinadarin magniziyam, suka yanka shi falle-falle suka lanƙwasa. Shi ya sa jikin tsohuwar Land Rover yake shafe mai kusurwa: ba su da kuɗin manyan injinan matse bodi, sai abin da za a iya lanƙwasawa a sauƙaƙe a ɗaure da ƙusoshi. Hatta koren fentin motocin farko, rarar fentin jiragen yaƙi ne. Ranar 30 ga Afrilu, 1948 aka nuna ta a baje kolin motoci na Amsterdam, ana sayar da ita fam 450, da inji mai lita 1.6 da ƙarfin doki 50 kacal. Niyyar kamfanin ita ce ta riƙe shi na ɗan lokaci kafin al'amura su daidaita. Cikin 'yan shekaru ta fi motocin alfarmar kasuwa, ta kuma shafe shekara 68 ana ƙera ta.

Yanzu dubi abin da alminiyam ya yi mata. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, don haka motar farko ba ta wuce tan 1.2 ba, kuma nauyin ya taru a ƙasa wajen shasi da inji, abin da ke taimaka mata a gangare da hawan tudu. Sannan ga batun tsatsa. Da zarar iska ta taɓa alminiyam sai wata siririyar fata ta rufe shi, ta hana ruwa cin abin da ke ciki. Duk wadda ta ajiye tukunyar alminiyam da kwanon langa-langa a tsakar gida damina guda ta san wanda zai fara hujewa. Wannan ne ya sa motar ta yi ƙarko a ƙasashe masu danshi da bakin teku, ta zama ta manoma da sojoji da likitocin karkara daga Afirka har Ostireliya. A ƙasar Hausa ma dattawa na tuna ta a hannun jami'an mulki da 'yan sanda da ma'aikatan lafiya da na gona, tana ratsa hanyoyin burji da rairayi inda wata mota ba ta kai ba, kafin motocin Toyota su karɓe filin.

Sai dai shasin da bangon da ke tsakanin inji da direba na ƙarfe ne, kuma su suna yin tsatsa. Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallon wata tsohuwar Land Rover da aka jingine, fenti ya koɗe, ƙofofi sun lotsa, amma babu huji ko ɗaya a jikinta. Bakaniken ya ce min, "Alhaji, leƙa ƙasa ka gani." Shasin ya cinye har yana ɓarewa da yatsa. Inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe kuma ruwa ya shiga tsakani, can ma ɓarna take farawa. Saboda haka a Turai akwai masu sana'ar ɗaga tsohon bodi su ɗora a kan sabon shasi, mota ta koma aiki.

Sunan Defender a 1990 aka raɗa mata. Tafiya ta yi tafiya, dokokin hayaƙi da na kare rayuka suka yi mata tarnaƙi. Ba ta da jakar iska mai tare direba idan an yi karo, wanda ya sa ta bar kasuwar Amurka bayan 1997. Ranar 29 ga Janairu, 2016 ta ƙarshe ta fito daga Solihull, bayan an ƙera sama da miliyan 2. Wadda ta cika miliyan biyun an yi gwanjonta a Landan a kan fam 400,000. Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, da kansa ya sa aka gyara wata Defender domin ɗaukar gawarsa, kuma ita ta ɗauke shi a Afrilun 2021. Wani attajirin Birtaniya, Jim Ratcliffe, ya ji zafin dakatar da ita har ya kafa nasa aikin mota, ya fito da Ineos Grenadier mai kama da ita, wadda ake haɗawa a Faransa da injin BMW. Rigimar kamannin ta kai kotu, kuma a 2020 kamfanin Land Rover ya sha kaye.

Sabuwar Defender ta bayyana a baje kolin Frankfurt a Satumban 2019. A Nitra ta ƙasar Silobakiya ake ƙera ta, kamfanin kuma tun 2008 mallakin Tata ne na Indiya. Babban sauyin shi ne an jefar da shasin ƙarfen gaba ɗaya. Yanzu gangar jikin ce take ɗauke da komai, dunƙule guda, kuma da alminiyam aka yi ta. Wato abin da a da sutura ce kawai, yau shi ne ƙashin motar. Kamfanin ya ce wannan gini ya ninka na masu shasi sau uku wajen ƙin murɗewa, kuma motar ta samu taurari biyar a gwajin karo na Turai a 2020.

A daji ma ba ta ba da kunya. Tsohuwar tana iya shiga ruwa mai zurfin santimita 50, sabuwar kuwa 90. Sababbin masu ƙafafun iska suna ɗagawa har cikinsu ya yi nisan kusan santimita 29 da ƙasa, su sauko idan an hau kwalta. Akwai kyamarori da ke nuna wa direba abin da ke gaban tayoyinsa a ƙarƙashin bonet, kwamfuta kuma tana daidaita inji da giya da birki gwargwadon yashi ko laka ko dutse. An bar mata 'yan tagogin nan na gefen rufi, da safayar taya a ƙofar baya, da lambobin samfuranta na 90 da 110 da 130. A ciki ga shiru, ga wurin miƙe ƙafa, abubuwan da tsohuwar ba ta taɓa sani ba. Mafi ƙarfi a cikin sababbin, OCTA, ta haura ƙarfin doki 600. Amma duk da alminiyam ɗin, nauyin sabuwar ya wuce tan 2, kusan ninki biyu na kakarta, saboda tarin na'urori da kayan kariya.

Hukuncina shi ne, sabuwar Defender ta fi tsohuwar a gudu da jin daɗi da kare rai, kuma ta gaji sunan da gaskiya. Abin da ba ta gada ba shi ne sauƙi. Tsohuwar, da sifana da guduma bakaniken ƙauye zai tayar da ita. Sabuwar sai an jona mata kwamfuta, bodinta kuma ba kowane mai walda ne ke iya taɓa shi ba, domin alminiyam yana da nasa kayan aiki da nasa gwanaye. Don haka mai sha'awar sayenta, kafin ka tambayi farashi, fara tambayar wa zai gyara maka ita da inda za ka samu kayanta. Wanda kuma Allah Ya sa yake da tsohuwar a ajiye, kada ya yi gaggawar sayar wa 'yan gwangwan. A duba shasin tukuna, domin shi ne yake tsufa da wuri.