Kaya Sun Cika Ɗaki, Zumunci Ya Koma Waya

Akwai wani zato da ya zauna daram a zukatan mutanenmu, wai kaɗaici ciwon Turawa ne. Da aka ji Birtaniya ta naɗa ministar kula da matsalar kaɗaici a Janairun 2018, Japan ma ta bi sahu a 2021, da yawa dariya suka yi: mu da mutum ashirin ke kwana a gida ɗaya, ta ina kaɗaici zai shigo mana? Sai ga rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na watan Yunin 2025 ya zo da akasin haka. Mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma abin ya fi tsanani a ƙasashe matalauta, inda kusan kashi 24 cikin ɗari suka ce suna jin sa, alhali a ƙasashe masu arziki bai wuce kusan kashi 11 ba. Hukumar ta danganta mutuwar mutum sama da 870,000 a kowace shekara da wannan matsala. Ashe cikar gida da jama'a ba ta hana ta. Mace na iya wuni tsakanin miji da 'ya'ya da kishiya da surukai, har dare ya yi ba wanda ya zauna ya tambaye ta abin da ke ranta, ita ma ba ta sami sararin tambayar kowa ba. Dalilan suna da yawa, akwai talauci, akwai gudun hijira, akwai ci-rani. Amma akwai guda ɗaya da yake hannunmu, kuma ba kasafai ake kama sunansa ba: yadda tara kaya da hidimar kaya suka cinye kuɗi da lokacin da a da ake kashewa a kan mutane.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna auna wannan. A shekarar 2003, Thomas Gilovich na jami'ar Kwanel a Amurka da abokin aikinsa Leaf Van Boven suka sa mutane su tuna kuɗin da suka taɓa kashewa don jin daɗi, wasu a kan abin mallaka kamar tufafi ko na'ura, wasu a kan abin da aka yi ya wuce kamar tafiya ko cin abinci a waje. Mafi yawa suka ce na biyun ya fi faranta musu rai, kuma daɗinsa ya fi daɗewa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ido yana sabawa da kaya. Kujerun da aka shekara ana adashi don a saye su, bayan wata biyu sun zama wurin zama kawai, ba mai ƙara kallonsu sai baƙo. Sannan kaya suna da saurin kwatantawa: ranar da aka ga na maƙwabciya sun fi su sheƙi, ranar daɗinsu ya ƙare. Ziyarar da aka kai wa kaka a ƙauye kuwa ba ta tsufa, ba ta kuma shiga gasa da ta kowa. Ko motar ta lalace a hanya, ko ruwa ya yi wa matafiya duka, bayan shekara biyar abin ya zama labarin da ake ba juna ana dariya.

Shekara goma bayan wannan bincike, Peter Caprariello da Harry Reis na jami'ar Rocesta suka ƙara masa gyaran da, a ganina, ya fi asalin binciken muhimmanci. Sun gano cewa ba tafiyar ko cin abincin ne ke kawo farin cikin ba, waɗanda aka yi tare da su ne. Abin da mutum ya yi shi kaɗai bai fi sayen kaya faranta rai ba. Wannan ya yi daidai da binciken jami'ar Habad da aka fara a 1938, wanda ya bibiyi rayuwar maza 724, wasu ɗaliban jami'ar, wasu yaran unguwannin talakawan Boston, tun suna samari har suka tsufa. Masu binciken sun ce gamsuwar mutum da mu'amalarsa da na kusa da shi yana ɗan shekara 50 ta fi yawan kitsen da ke jininsa nuna irin lafiyar da zai samu in ya kai 80. Ita kuma Julianne Holt-Lunstad ta haɗa sakamakon bincike 148 a 2010, na mutum sama da 300,000, ta tarar masu ƙaƙƙarfar alaƙa da jama'a sun fi sauran damar tsawon rai da kusan kashi 50 cikin ɗari. Musulmi ba zai ji wannan baƙo ba, tunda hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya haɗa sada zumunci da yalwar arziki da tsawon kwana.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, farashin kaya ba a kasuwa yake ƙarewa ba. Duk abin da ya shigo gida ya zo da aikinsa: a goge shi, a wanke shi, a gyara shi, a kulle shi, a hana yara taɓa shi. Iyayenmu mata sun san wannan tun zamanin jeren kwalla da samiru da tangaran, kwanukan da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba amma dole a sauke su a goge a mayar. Yau jeren ya koma falo biyu, labule hawa-hawa, kafet da ke shan ƙurar hunturu, da kwanukan kicin da sai an yi baƙo ake fito da su. Uba ya ci bashi ko ya sayar da gona don kada a raina kayan ɗakin 'yarsa, ita kuma amarya ta tare ta zama mai gadin kayan. An kai matsayin da a wasu gidaje ɗakin da ya fi kyau shi ne wanda mutanen gidan ba sa zama a ciki. Ba mu kaɗai ba ne. Masu bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis sun shiga gidaje 32 na masu matsakaicin ƙarfi, suka tarar a kashi uku cikin huɗu na gidajen mota ba ta iya shiga garejinta saboda tarkace. A cikin wannan aikin ne Darby Saxbe da Rena Repetti suka nuna a 2010 cewa matan da suke kallon gidajensu a matsayin cunkusassu, masu cike da aikin da bai ƙare ba, sinadarin damuwa na kotisol ba ya sauka a jikinsu yadda ya kamata da yamma, kuma ransu yana ƙara ɓaci yayin da rana ke tafiya.

Kuma wa ke biyan wannan farashi? Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mata ne ke yin sama da kashi uku cikin huɗu na aikin gida da kula da iyali da ba a biya, kimanin awa 4 da minti 25 a rana, maza kuma awa 1 da minti 23. Magidanci yana da majalisa, yana da masallaci sau biyar, yana da teburin mai shayi. Matarsa in ta ce za ta je gidan 'yar'uwarta, sai wanki ya ce yana nan, sai girkin rana, sai na dare. Da haka ziyara take komawa saƙon murya a WhatsApp, barka ta koma hoton fure, gaisuwar rashin lafiya ta koma "Allah ya ƙara sauƙi" a ƙarƙashin hoto. Hausawa da suka ce zumunta a ƙafa take ba su san waya ba, amma sun san abin da suke faɗa.

Za a ce wannan zancen masu ƙoshi ne, wanda bai da katifa ba a ce masa ya bar kaya ya nemi nishaɗi. Maganar tana da gaskiya, kuma bincike ya goyi bayanta. Wani nazari da Wendy Wood da abokan aikinta suka wallafa a 2018 ya nuna cewa fifikon abin da aka yi a kan abin da aka mallaka ya fi bayyana a wurin masu hali. Marasa ƙarfi kuwa sayen kaya yana faranta musu rai daidai da sauran, wani lokaci ma fiye. Ba mamaki, domin kayan talaka na buƙata ne, ba na nuni ba. Saboda haka ba kowane kaya ake zargi ba. Tambayar da ta dace a yi wa duk abin da za a saya ita ce: zai ba gidan lokaci ne, ko zai ƙwace? UNICEF ta ƙiyasta cewa mata da 'yan mata a duniya suna kashe awa miliyan 200 kullum wurin ɗebo ruwa. Gidan da ya ja famfo, ko ya sayi tukunyar gas a maimakon sabon labule, lokaci ya saya wa matar gidan. Ashley Whillans da Elizabeth Dunn sun gwada haka a birnin Bankuba na Kanada a 2017: suka ba ma'aikata 60 dala 40 a ƙarshen mako ɗaya su sayi kaya, a wani makon kuma dala 40 su biya a ɗauke musu wani aiki. Ranar da suka sayi lokaci sun fi samun natsuwa. Ba wai kowa ya ɗauki 'yar aiki ba. Kai markaɗe inji ko ba da wankin babbar riga ma sayen lokaci ne. Zaman tare kuwa, wanda shi ne asalin maganin, shi ya fi komai araha. Cin tuwo a kwano ɗaya, rakiyar yaro kallon hawan salla, zama a tabarma bayan isha ana hira, ba ɗayansu da ke buƙatar adashi.

Wasu kuma za su ce ai tsafta da kula da gida wajibi ne, ko so ake mata su bar kwanuka su tafi yawon gidaje? A'a. Binciken kotisol ɗin ma ya nuna gida a hargitse yana ƙara damuwa. Sai dai hanya biyu ce ake fita daga hargitsi: ko a ƙara awannin aiki, ko a rage abin da ake yi wa aikin, kuma kusan kullum ta farko muke zaɓa. Abin da ya fi wannan, aikin kansa ba dole ne ya raba mutane ba. A da shi ne ma yake haɗa su. Maza suna gayya a gona da yaɓen ɗaki, mata suna sussuka da daka tare, ana kitso ana hira, ana tsinkar zogale ana ba yara tatsuniya. Abin da ya canza shi ne an rufe ƙofa, an bar mutum ɗaya da aikin gida duka. Magidancin da ya zauna kusa da matarsa yana yanka albasa, ko ya sa samarin gidan su yi shara da wanke-wanke, bai rage girmansa ba, kuma yana da abin koyi, domin Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yana taya iyalinsa hidimar gida.

Ƙalubalen da ya fi ƙarfi shi ne na masu cewa: in taro ne magani, ai mu mun fi kowa taro, kowane mako da biki ko suna. To amma ba kowane taro ne zaman tare ba. Bikin da sai an ci bashin anko kafin a je, a wuni ana auna lefe da gwala-gwalan juna, a ɗauki hotuna a watse ba a yi hirar minti biyar da kowa ba, wannan baje kolin kaya ne aka sa masa sunan zumunci. Mutum yakan dawo daga irinsa da nauyin zuciya fiye da yadda ya tafi. Har akwai waɗanda suka daina zuwa sabgar dangi gaba ɗaya don ba su da abin sawa ko abin bayarwa, wato gasar kayan ta kore su daga cikin jama'arsu. Ma'aunin mai sauƙi ne: shin an saurari wani, an kuma saurare ka?

Dole a faɗi iyakar wannan magana. Yawancin binciken nan a Turai da Amurka aka yi su, kuma wasunsu alaƙa suka nuna, ba sanadi ba; mai yiwuwa mai lafiyar ne ya fi iya zumunci. Haka nan hira da ziyara kariya ce, ba su maye gurbin likita. Wanda ya haura mako biyu cikin baƙin ciki, ya daina jin daɗin abin da yake so a da, barci ko cin abincinsa ya rikice, balle in ya fara tunanin halaka kansa, asibiti ya kamata a kai shi, ba a ce masa ya yi haƙuri kawai ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano, kuma tun Janairun 2023 Najeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Sai dai likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, shi ya sa abin da ake yi a gida da unguwa yake da nauyi. Su kansu likitocin sun san haka. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin Aro a Abekuta a 1954, inda marasa lafiya suke zama a ƙauyukan kusa da asibiti tare da wani ɗan'uwansu maimakon a kulle su. A Zimbabuwe kuma Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibitocin unguwa suna sauraren masu damuwa, har zama shida, daga nan a haɗa su da 'yan'uwansu masu irin matsalar su riƙa zama tare suna saƙa jakunkuna. Da aka gwada tsarin a Harare da mutum 573, aka wallafa sakamakon a 2016, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka zauna a bencin suke da sauran alamun ciwon damuwa, a cikin waɗanda ba su zauna a bencin ba kuwa kusan rabi.