Hawa Da Zuciya, Sauka Da Gwiwa: Dattijo Da Tafiyar Yini A Kan Duwatsu

A yankin Yorkshire da ke arewacin Ingila akwai duwatsu uku maƙwabtan juna: Pen-y-ghent mai tsawon mita 694, da Whernside mai mita 736, da Ingleborough mai mita 723. Mutane sun daɗe da al'adar kewaye su a ƙafa cikin yini guda. Akan tashi daga ƙauyen Horton-in-Ribblesdale da sassafe, a hau kowane dutse har ƙololuwa a sauko, a dawo mafari kafin cikar awa 12. Tsawon hanyar kimanin kilomita 39 ne, idan kuma aka tara hawan da ke cikinta zai kusan kai mita 1,600. Ba matasa kaɗai ke yin wannan tafiya ba, har da masu furfura 'yan shekara 60 da 70. Shin me ke faruwa a jikin dattijo a irin wannan yini, kuma a ina haɗarin yake?

Lissafin Lokaci

A shekarar 1892 wani mahayin duwatsu ɗan Sukotilan mai suna William Naismith ya kawo ƙa'idar ƙiyasta lokacin tafiya, wadda har yau ake amfani da ita: a ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, sannan a ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 600 ta hawa. Bisa wannan lissafi, kewayen duwatsun nan uku zai ci kimanin awa 10 da rabi. Sai dai ƙa'idar ba ta sa hutu da cin abinci a ciki ba, kuma ta ɗauka cewa matafiyi ƙaƙƙarfa ne wanda saurinsa ba ya raguwa. Don haka dattijo mai hankali yakan ƙara wa lissafin lokaci mai yawa, ya kuma tsayar da sa'ar da zai juya ko bai kai ƙololuwa ba, domin kada duhu ya riske shi a kan dutse.

Hawa: Aikin Zuciya

Lokacin hawa tsokoki suna bukatar iskar oksijin mai yawa, zuciya kuwa ita ke tura jinin da ke ɗauke da ita. Amma iyakar saurin bugun zuciya yana raguwa da shekaru. A 2001 Hirofumi Tanaka da abokan bincikensa sun nuna cewa ana iya ƙiyasta wannan iyaka idan aka ninka shekarun mutum da 0.7, aka ɗebe sakamakon daga 208. Ke nan ɗan shekara 25 zai iya kai bugu 190 a minti, ɗan shekara 70 kuwa kimanin 159. Hawan da saurayi zai yi yana hira, shi ne zai kai dattijo kusa da iyakarsa.

Binciken da Martin Burtscher na Jami'ar Innsbruck ya yi a duwatsun ƙasar Ostiriya ya nuna cewa mutuwar farat ɗaya ta tsayawar zuciya ta fi afka wa maza manya, musamman waɗanda suka taɓa ciwon zuciya ko waɗanda ba su saba motsa jiki ba, kuma ta fi yawa a ranar farko ta fita. Saboda haka mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon zuciya, ya wajaba ya ga likita tukuna. A kan hanya kuma akwai ma'auni mai sauƙi: idan matafiyi ba ya iya furta cikakkiyar jimla ba tare da haki ya katse shi ba, to saurinsa ya yi yawa.

Sauka: Aikin Tsoka Da Gwiwa

Masu iya magana sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda ya kai ƙololuwa rabin aiki ya yi, kuma rabin da ya rage shi ne mai yaudara. Wani nazari da aka buga a 2017 kan masu yawon duwatsu a Ostiriya ya gano cewa kimanin kashi 75 cikin 100 na haɗurran faɗuwa a lokacin saukowa suka auku.

Dalilin yana cikin yadda tsoka ke aiki. A wajen hawa, tsokar gaban cinya takurewa take yi ta ɗaga jiki. A wajen sauka kuwa miƙewa take yi alhali tana riƙe da nauyi, kamar hannun mai sauke tulu daga kai zuwa ƙasa a hankali don kada ya fashe. Irin wannan aiki na birki ba ya cin oksijin sosai, shi ya sa mai saukowa ba ya haki, har ya zaci wahala ta ƙare. Amma a daidai lokacin ne ƙananan zaruruwan tsoka ke tsagewa, ƙarfin ƙafa ya ragu tun ana kan hanya, tsamin jiki kuma ya tsananta bayan kwana ɗaya zuwa uku. Kowane taku na gangara yana kuma ɗora wa gwiwa nauyin da ya ninka na jiki.

Tsufa yana ƙara wa lamarin nauyi. Zaruruwan tsoka iri biyu ne: masu jimiri, da masu saurin amsawa. Na biyun su ne ke tare mutum cikin ƙiftawar ido idan ya yi tuntuɓe, kuma su ne suka fi shanyewa da shekaru. Ga shi kuma gani da daidaiton tsayuwa sun ragu. A kewayen Yorkshire, gangara ta uku daga Ingleborough tana zuwa ne bayan an shafe fiye da kilomita 30, a kan duwatsun farar ƙasa masu santsi idan an yi ruwa, lokacin da ƙafa ta riga ta gaji.

Abin farin ciki shi ne tsoka tana koyo, ko da a shekara 80. Masana sun tabbatar cewa idan mutum ya yi saukar gangara sau ɗaya, tsokarsa takan sami kariya ta makonni daga irin wannan lahani. Saboda haka mai shirin tafiyar ya yawaita sauka daga matakala da tudu, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan na tsawon watanni, ya kuma horar da cinya ta hanyar tashi da zama. Sanduna biyu na dogarawa suna rage wa gwiwa nauyi, gajerun taku kuma sun fi dogaye aminci.

Ruwa Da Sanyi

Jin ƙishirwa yana dushewa da tsufa, don haka dattijo ya riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, yana haɗawa da abinci mai ɗan gishiri, domin ruwa zalla mai yawa yana iya tsinka gishirin jini. Zafin iska kuma yana sauka da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000 ta hawa. Jiƙaƙƙen jiki a cikin iska mai ƙarfi yana saurin yin sanyi, musamman na tsoho, don haka rigar ruwa da ta ɗumi ba sa barin jaka.

Kammalawa

Shekaru suna rage sauri, amma ba su rufe hanyar dutse ba. Abin da jikin dattijo ke nema shi ne a hau da saurin da zuciya za ta ɗauka, a kuma ajiye wa saukowa ƙarfi da lokaci da hasken rana. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.