Masu rainon kariya a Guangzhou

Ɗan kasuwarmu da ya je sarin kaya a Baima, kasuwar tufafin nan da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, da wuya ya tsallaka kogi ya leƙa Fangcun. Can ne kasuwar furanni ta Lingnan take, kuma cikin hajarta har da kariya, wadda masana ke kira Adenium obesum. Ita ce dai wadda ke tsirowa a fako daga Senegal har Sudan, ta zubar da ganye da rani, sannan ta yi fure ja-ja a kan sandunan banza. Mu mun bar wa daji, mutanen can kuwa sun sa ta a tukunya suna cin abinci da ita.

Kuɗin yana gindi. Kariya na tara ruwa a kututturenta, ya kumbura kamar tulu, kuma mai saye shi yake fara dubawa kafin fure. Reshen da aka yanka aka dasa ba ya saurin yin wannan tumbi, shi ya sa gwani daga iri yake farawa. Kwanson kan fito biyu-biyu, sai a ɗaure shi da zare tun bai fashe ba, don kowace ƙwaya tana da gashi, iska kaɗan ta yi gaba da ita. Duk sauyin tukunya sai a ɗan ɗaga tsiron sama, saiwar da ke ɓoye ta fito sarari ta yi kauri. In gindi ya ƙosa, a sare kan, a yi masa aure da reshen irin da manoman Thailand da Taiwan suka fitar, mai fure ninki-ninki, yadda ake yi wa mangwaro.

Babban abokin gabar kariya ruwa ne. Damina a Guangzhou doguwa ce, ga laima, don haka ana ajiye ta ƙarƙashin rumfar leda, cikin ƙasa mai tsakuwa da rairayi wadda ba ta riƙe ruwa. Sanyi in ya sauka ƙasa da digiri 10, a janye ban-ruwa, in ba haka ba gindin ya ruɓe ta ciki. Ana gane haka da yatsa: a latsa, in ya yi laushi an makara.

Ruwan jikinta kuwa dafi ne da ke taɓa zuciya, maharban Afirka sun daɗe suna shafa shi a kibiya. Mai yanka yakan sa safar hannu, ya kiyayi idonsa, ya kuma hana yara da dabbobi kusantar abin da ya datse.