Shafin Intanet na Ɗan Kasuwa: Wa Ke Riƙe da Adireshin?

Ka tambayi mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ko yana da shafin intanet, nan take zai ciro waya ya nuna maka Instagram ɗinsa: ga leshi, ga shadda, ga dubban mabiya. Ciniki kuwa yana yi, ba mai musu. Sai dai abin da ya nuna maka ɗin ba nasa ba ne. Rumfa ce ya kafa a filin kamfanin Meta, ba takarda ba shaida, kuma ranar da mai fili ya ga dama zai tashe shi ba tare da ya ji ba'asinsa ba. Abin mamaki, har masu boko suna wannan kuskuren, su ce ai tunda akwai Facebook an gama. Ina aka gama?

Ranar Litinin 4 ga Oktoba, 2021, da la'asar agogon Najeriya, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya a duk duniya. Da farko kowa ya ɗora wa kamfanin layinsa laifi. Wasu suka kashe waya suka kunna, wasu suka sake sayen data, wasu suka yi ta zagin sabis, alhali matsalar tana can cikin na'urorin kamfanin Facebook (wato Meta na yanzu), inda wani gyara da injiniyoyinsu suka yi ya datse hanyar da duniya ke bi ta same su. Kimanin awa 6 aka yi a haka. Duk wanda hotunan kayansa, da farashinsa, da hirarsa da masu saye ke cikin waɗannan manhajoji uku, to shagonsa a kulle ya yi magariba ya yi isha'i, kuma mabuɗin ba ya hannunsa.

Wannan ma sauƙi ne, don kafin gari ya waye an dawo. A watan Yunin shekarar, gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, ba a kuma ɗage dakatarwar ba sai 13 ga Janairu, 2022. Wata bakwai ke nan. Masu sayar da takalma da turare da abinci da suka tara jama'arsu a can, me ya haɗa su da rikicin shugaban ƙasa da wani kamfanin Amurka? Amma su ma sun ji a jikinsu. Ban da haka akwai rufe asusu da ake yi kullum saboda wani ya kai ƙara, ko ɓarawo ya yaudari mai waya ya karɓe lambobin sirrin WhatsApp, ya shiga yi wa abokan cinikinsa damfara da sunansa.

Shafin kanka abu biyu yake buƙata. Na farko adireshi, wato sunan da ake rubutawa a same ka, mai ƙarewa da .com ko .ng ko .com.ng. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da .ng, Nijar kuma .ne take amfani da shi, Ghana .gh. Na biyu ma'ajiya, wato kwamfutar wani kamfani da ba a kashe ta, inda hotuna da rubutun shafin ke zaune. Yadda adireshin ke kai mutum ga ma'ajiyar aikin masana ne, ba zai ƙara wa mai shago ko kwabo ba, mu wuce.

Adireshin shi ne wurin da nake so a tsaya. Ma'ajiya in ta lalace, sai a kwashe kaya a koma wata, mai saye ba zai ma san an yi ba. Adireshi kuwa shi ne aka buga a jikin leda, da allon shago, da katin da ka raba wa mutane. Ga kuma inda 'yan kasuwarmu ke faɗawa rami: Alhaji zai ba wani yaro mai ilimin kwamfuta kuɗi ya ce a buɗe masa shafi, yaron ya yi rajistar adireshin da sunansa da imel ɗinsa shi, ba da wani mugun nufi ba, don dai haka ya fi masa sauƙi. Bayan shekara yaro ya tafi bautar ƙasa, ko an ɓata, ko ya canza lamba. Shi kuma adireshi ba sayensa ake yi a gama ba, duk shekara ake sabunta rajistarsa. Saƙon tunatarwa yana ta zuwa imel ɗin yaro, Alhaji bai sani ba, har wa'adi ya cika, shafi ya mutu, kuma daga baya kowa na iya yin rajistar sunan, har abokin hamayyarka na layi ɗaya. Mutumin da ba zai taɓa yarda a rubuta sunan yaron shagonsa a takardar rajistar kasuwanci ta CAC ba, shi ne zai bari a yi masa haka a intanet. Tun ranar farko ka zauna kusa da mai yi maka aikin, ka ga sunanka da imel ɗinka da lambarka a wurin rajista, ka kuma karɓi kalmar sirri.

Sai batun baƙo. Hoton da ka ɗora a status na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ba mai ganinsa sai wanda kuka riga kuka ajiye lambar juna. Wato wanda ya riga ya san ka kake yi wa talla. Wanda ya sauka Kano yau yana neman otal, ko tela, ko asibitin haƙori, Google yake tambaya, Google kuwa ba ya leƙa status.

Wannan ya fi fitowa fili a kasuwar Dawanau. Riɗi da zoɓo da ake lodi a can suna ƙetare teku, zoɓon ma har Meziko, inda suke jiƙa shi su sha da sanyi kamar yadda muke yi. Kamfanin da ke can bai san Dawanau ba, bai san wane ne dattijon kirki a kasuwar ba, ba shi da wanda zai tsaya maka. Abin da zai yi shi ne ya bincika sunanka. In ya tarar da shafi mai adireshin sito, da lambar rajistar CAC, da imel mai ɗauke da sunan kamfaninka, ya samu abin da zai fara tantancewa. In bai ga komai ba, sai ya nemi dillali a Legas, shi kuma dillalin ya zo ya saya a hannunka da araha.

Kada dai a ɗauka buɗe shafi kawai zai sa masu saye su yi ta tururuwa. Masu neman kwangilar gina shafi ne ke yaɗa wannan, kuma ƙarya ce. Shafin da farashinsa na bara ne, lambar wayar cikinsa ba ta shiga, gara babu shi. Mai shayi da mai ƙosai, waɗanda cinikinsu bai wuce unguwa ba, ba su da buƙatarsa. Mai kilishin da ke aika kaya Abuja da Fatakwal kuwa shafi mara nauyi ya ishe shi, mai buɗewa da wuri a ƙaramar waya: hotuna kaɗan, farashi, kwatancen shago, da maɓallin da zai kai mutum WhatsApp a yi ciniki. In yana so a biya da kati, Paystack ko Flutterwave za su haɗa masa, su cire kasonsu a kan kowane ciniki.