Sauya batirin iPhone: Me ke jawo saƙon gargaɗi?

Tun a shekarar 2019 ne wayoyin iPhone XS da XR, da waɗanda suka biyo bayansu, suka fara nuna saƙon gargaɗi idan aka sanya musu batirin da ba na kamfanin Apple ba.

Dalili kuwa shi ne kowane batir yana ɗauke da wata 'yar na'ura wadda aka haɗa lambarta da ta wayar. Da zarar lambobin sun saɓa, sai wayar ta ce ba ta gane batirin ba.

Domin kauce wa hakan, wasu masu gyara kan ciro na'urar daga tsohon batir, su yi mata walda a jikin sabon.

Sai dai wannan dabara tana da haɗari, ganin cewa batirin lithium kan kama da wuta idan ya huje ko zafi ya yi masa yawa.

Shi dai saƙon ba ya hana waya aiki. A shekarar 2024 Apple ya sassauta, inda wayoyin suka koma nuna lafiyar irin waɗannan batura, tare da bayanin cewa kamfanin bai tantance su ba.