Goma Sha Biyar Sau Takwas

Duk wanda ya taɓa ɗaukar nauyin karatun yaro daga Tozai, ko Isa, ko Sabon Birni, ya san kuɗin makaranta ba daga aljihu su ke fitowa ba, daga rumbu ne da turke. A sayar da gero, a sayar da akuya, a tura yaro Sakkwato, ana sa ran bayan shekara huɗu ya komo da digiri. To, sai huɗu ta wuce, biyar ta shigo, uba ya tambaya, a ce masa, "Baba, saura kaɗan." Wannan kaɗan ɗin mu ke so malaman makaranta da akawunan ƙaramar hukuma su san lissafinsa, domin su ne iyaye kan kai wa takarda su karanta.

A jami'a kowane darasi yana da nauyinsa, ana auna shi da abin da a ke kira yunit. Bisa ƙa'idar hukumar kula da jami'o'i ta Nijeriya, digiri na shekara huɗu ba ya kammaluwa sai da yunit 120 aƙalla, kuma ɗalibi zai yi rajistar abin da bai kasa 15 ba, bai wuce 24 ba, a kowane zangon karatu. Zango biyu ne a shekara, watau takwas ke nan a shekara huɗu. Goma sha biyar sau takwas, 120 daidai wa daida, babu rarar ko ɗaya. Wasu sassan ma sun fi haka nema.

Ba mu kaɗai lissafin nan ya dama ba. A Amurka wanda ya ɗauki 12 a zango ana lissafa shi cikakken ɗalibi, sai yara da yawa suka riƙa tsayawa nan, alhali 12 sau takwas 96 ne, da sauran 24. Ganin haka Jami'ar Hawai ta fara wani gangami a 2012, tana kiran ɗalibanta su ɗauki 15 don su gama kan kari, wasu jihohi kuma suka kwaikwaya.

A nan gida ramin ya ɗan bambanta. Abin da ya fi cin yaranmu shi ne darasin da aka faɗi, wanda 'yan makaranta ke kira kari-oba. Dole a sake rajistarsa kafin a ɗauki sababbi, ga shi kuwa ba a wuce 24. Idan suka taru, sai su ture darasin bana zuwa baɗi. Galibi kuma sau ɗaya a ke koyar da darasi a shekara, saboda haka mai yunit biyu rak, in aka faɗe shi a ajin ƙarshe, ya isa ya zaunar da mutum shekara guda cur, da kuɗin rajista, da hayar ɗaki, da abinci. Har wa yau ba a barin ɗalibi ya dawwama: mai karatun shekara huɗu, shida ce iyakarsa. Wanda kuma ya haura shekara 30 da haihuwa kafin ya gama, ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa kawai za a ba shi. Yaran ƙauye kuwa da yawa ba su shiga boko da wuri ba, shekara guda a wurinsu ba abin wasa ba ce.

Kada a ɗora wa yara laifin duka, ba adalci ba ne. Malaman jami'a sun yi yajin aiki na wata tara a 2020, suka ƙara na wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, saboda 'yan bindiga, rajista kuwa ta intanet a ke yi. Wanda iyayensa suka yi gudun hijira zuwa ƙasar Maraɗi, wa zai tuhume shi don ya makara? Amma fa wanda ambaliya ta cinye wa rabin gona, shi ya fi kowa bukatar tsare ragowar. Yajin aiki da hanya ba a hannun ɗalibi su ke ba; cika takardar rajista da shiga aji suna hannunsa.

Ba kuma cewa mu ke yaro ya kwashi 24 don nuna bajinta ba, kaya in ya fi ƙarfin jaki a hanya ya kan zube. Ya je wurin malamin da aka ɗora wa kula da ajinsu, su zauna su jera abin da ya rage masa zango-zango.

Sardauna ya fito Kwalejin Katsina a 1931, ya komo Sakkwato ya kama koyarwa a Midil. Makarantun ƙasar Gobir ma masu gamawa su ke jira, daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari. Saboda haka, malam, in ɗan ƙanenka ya zo hutu, kada ka tsaya ga "Lafiya lau." Ce masa ya kawo takardar rajistarsa da ta sakamako, ka ɗauki alkalami, ka haɗa yunit ɗin da ya ci, ka cire daga jimlar da sashensu ke nema, ka raba abin da ya rage da zangon da ya saura. In amsa ta wuce 24, sai a fara tanadin geron shekara ta biyar tun yanzu.