Daga Ƙugiya Zuwa Kasko: Girkin Kifi a Duwatsun Siyera Nebada

A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai jerin duwatsu da ake kira Siyera Nebada. Matafiya kan ratsa su a ƙafa, kowa da jakarsa a goye. Fitacciyar hanya ita ce mai ɗauke da sunan John Muir, wadda ta kai kimanin kilomita 340 daga kwarin Yosemite zuwa ƙololuwar dutsen Whitney. A mafi yawan hanyar babu kanti, babu mai tuwo a bakin hanya. Mutum ya yi kwanaki yana cin busasshen guzuri, sai ga tafki garai-garai da kifi na wasa a ciki. Shi ya sa da yawa ba sa barin sandar fatsa a gida, duk da cewa wanda ya kai shekara 16 sai ya yanki lasisi kafin ya jefa ƙugiya.

Kifin wurin shi ne tirawut, ɗan ruwan sanyi. Akwai wani irinsa mai ruwan zinariya, ɗan asalin mafarin kogin Kern, wanda jihar ta ɗauka a matsayin kifinta tun 1947. Wanda ya saba da tarwada, da kan daɗe tana motsi a kan tudu, sai ya sake lissafi. Tirawut ba ya jimiri. Da ya bar ruwa, ba da jimawa ba ya mutu, namansa kuma ya fara saki.

Don haka gyara ba ya jira. A buge shi a ka sau ɗaya, kada a bar shi yana shure-shure a banza. A tsaga cikin daga ƙasa zuwa maƙogwaro, a zare kayan ciki tare da jajayen abubuwan numfashin da ke gefen kai. Daga nan za a ga wani baƙin layi manne da ƙashin baya, kamar daskararren jini. Ƙodar kifin ke nan. A sa farcen babban yatsa a kankare shi tas, domin shi ne ke ɓata ɗanɗano. Fatar kuwa a bar ta, ba ta buƙatar kankara.

Sai batun wuta. A gandun Yosemite an hana hura itace a wurin da tsayinsa ya haura ƙafa 9,600, wato kusan mita 2,900, saboda bishiyoyin can ba sa girma da sauri, kuma busassun rassan da suka faɗi su ne takin ƙasar. A irin wannan tudu sai ƙaramin risho na gas da ɗan kasko: mai cokali ɗaya, gishiri, barkono, mintuna kaɗan kowane gefe. Mai son farfesu ya ƙara haƙuri, don a tsayin mita 3,000 ruwa na tafasa ne a kusan digiri 90, dahuwa kan ja lokaci.

Inda aka yarda da wuta, a ganina babu kamar gashi. A jira harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi ja. A naɗe kifin cikin takardar alminiyom da ɗan mai, a kwantar a kai, a juya sau ɗaya. Idan ido ya koma fari fat, naman ya daina sheƙi yana rabuwa sala-sala, ya nuna. A kama jelar a ɗaga a hankali, ƙashin baya zai taso da ƙayoyinsa gaba ɗaya. Kada a yi gaggawar saukewa: kifin ruwan daɗi na iya ɗauke da tsutsar ciki, kuma hukumomin lafiya na Amurka sun ce zafin tsakiyarsa ya kai digiri 63.

Bayan an ƙoshi ne babban aiki ke farawa. Baƙar beyar, ƙatuwar dabbar dajin, tana jiyo ƙarni daga nesa ƙwarai, kuma wadda ta saba samun abinci wurin mutane ƙarshenta sau da yawa harbi ne. Saboda haka ake girki nesa da tanti, ta inda iska ba za ta kai warin wurin kwana ba. A ɗebi ruwa a yi nisa da bakin tafki kafin a wanke kasko, wuƙa da hannu. Ragowar abinci da takardar da ta sha mai su shiga cikin wani ɗan ganga mai murfi mai kulle, wanda dokar Yosemite ta wajabta wa duk mai kwana a dajin.